Hanyar Bakin Teku, Daga Ikko Zuwa Takoradi

Ko da ya ke sunan En'e ya kau tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aikin da ta koya wa mutanenta yana nan, watau tsayawa tsakanin hukuma da talakawa. Abin da aka zaɓa a yi magana a kansa a wannan taro ya shafi aikin nan ƙwarai, ko da ya ke da jin sunansa sai a ce labarin yawon shan iska ne. Labarin wata hanyar mota ne, wadda ta tashi daga Ikko ta bi bakin teku ta nufi yamma, ta ratsa Dahome, wadda aka sake wa suna Benin a 1975, ta ratsa Togo, ta shiga Gana, wadda a da a ke kira Gwalkwas, har ta kai Takoradi.

Ko wane ma'aikaci ya san rangadi. Tun bai tashi ba an aika wa dagaci, an share masauki, an ɗebo ruwa, an kama kaji. Ya iso, mutane su faɗi su yi gaisuwa, ya zauna bisa kujera su zauna ƙasa. Mutum ya kan yi shekara 30 yana irin wannan tafiya, ya san ko wace unguwa ta ƙasarsa, amma bai taɓa ɗanɗana tsayuwa bakin tagar wani ofis da takarda a hannu ba, yana jiran wanda ke ciki ya ga dama ya ɗaga kai. To, hanyar bakin teku ita ce makarantar wannan ilmi. Da ya wuce iyakar Nijeriya, ba wanda ya san sarautarsa, ba kuwa wanda zai dubi rawaninsa. Ba abin da zai fisshe shi daga gari zuwa gari sai takardunsa da haƙurinsa, da abokan da ya ke da su a zanguna.

Daga Ikko zuwa Akra kamar mil 290 ne, daga Akra zuwa Takoradi kuwa kamar mil 140. Mai gaggawa ya kan isa Akra a yini guda in ƙofofin iyaka sun yi masa sauƙi, ya sauka da ciwon baya, in an tambaye shi abin da ya gani ya ce itatuwan kwakwa. Wanda ke son ya amfana sai ya ware kwana 10 ko 12 cikin hutunsa, gama sannu ba ta hana zuwa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, don daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama ya kan yi yawa a gaɓar nan. Ya riƙe fasfo, da katin allurar shawara, da takardun mota da na inshora. Bisa yarjejeniyar da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙulla a 1979, ɗan Nijeriya na iya shiga ƙasashen nan uku ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Kuɗi iri uku zai taɓa, naira da sefa da sidi, in ya shiga Togo kuma ya mai da agogonsa baya da sa'a guda. Tsofaffin direbobi suna tunawa da zamanin da a ke tuƙi ta hagu a Nijeriya da Gana, ta dama a Dahome da Togo, har a sake hannu sau biyu a tafiya guda. Nijeriya ta koma dama a 1972, Gana a 1974. Kada kuma ya manta da tsaraba. Kilishi da kuka da daddawa, da hula ɗinkin gida, sun fi kuɗi daɗi ga wanda ya daɗe rabonsa da arewa.

Kwana na fari a Agege a ke yi, inda Hausawa suka kafa zango saboda cinikin goro, kusa da hanyar jirgin ƙasa. Zaman Hausawa a Ikko ya daɗe. A 1863 wani Bature, Kyaftin Gulaba, wanda ya riƙe garin a madadin Sarauniyar Ingila, ya tara waɗansu Hausawa, yawancinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindigogi ya mai da su 'yan sanda. Daga wannan ɗan rukuni sojan Nijeriya ya samo asali. A riƙe sunan mutumin nan, gama za a sake gamuwa da shi gaba a bakin kogin Bolta.

Da asuba sai a kama hanya, tun cunkoson motoci bai tashi ba. Bayan mil 40 ko kusa da haka sai Badagari, tsohon gari a bakin wani tafki da ke kwance tsakanin ƙasa da teku. Akwai wani ɗan bene da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, akwai kuma sarƙoƙi da mari na zamanin bauta da aka ajiye don masu kallo. In an ƙetare tafkin cikin kwale-kwale, sai a taka rairayi zuwa inda a ke zuba bayi cikin jirage. Ɗan arewa yana da wani dalili na musamman na tsayawa a nan. Daga Badagari ne Baturen nan Kilafatan ya tashi a Disamba 1825 zai je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya bi ta ƙasar Yarabawa da Borgu da Nufe da Zazzau da Kano, bai isa Sakkwato ba sai bayan kamar wata 10, can kuma ya mutu a Afrilu 1827. Tafintansa wani Bahaushe ne, Abubakar, wanda Turawa ke kira Fasko, wanda da an sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku.

Gaba kaɗan sai iyakar Seme, ƙofa ta fari cikin uku. A nan karatu ke farawa. Mutumin da ya saba ya tambayi wani, yau shi a ke tambaya. Ina za ka? Wurin wa? Kwana nawa? Mene ne cikin buhun nan? Zai ga ma'aikata iri biyu, kamar yadda a ke samu a ko wace hukuma ta duniya. Akwai wanda zai amsa sallama, ya duba takarda, ya ga ta cika, ya buga hatimi ya ce a sauka lafiya. Akwai kuma wanda zai juya ta, ya sake juya ta, ya ajiye, ya tashi ya tafi wata hidima, ba don ya ga aibi ba, sai don mai takarda ya gane wane ne mai iko. Matafiyi ya lura da abin da zuciyarsa ta ji game da ko wannensu, ya adana, don wannan shi ne abin da zukatan talakawa ke ji a bakin ofishinsa. Jiki magayi. A 2018 aka buɗe sabon ofishin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu a wurin, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kuwa Nijeriya ta rufe iyakar, 'yan tireda da direbobi na ɓangarorin biyu suka ji a jikinsu.

Bayan an wuce, mai hali ya ratse dama ya leƙa Foto-Nobo, babban birnin ƙasar, wanda Yarabawa ke kira Ajase. Akwai wani masallaci a can mai fenti iri-iri, wanda ginin gabansa ya yi kama da majami'un ƙasar Barazil. Dalilin wannan zai bayyana in an kai Wida. Sa'an nan a komo hanya a shiga Kwatano, garin 'yan acaba masu riguna rawaya, a tambayi unguwar Zango. A nan zai ji abin da kunnensa ke marmari: "Maraba da Malam! Yau ga manyan baƙi. Ina gajiya? Yaya aka baro mutanen gida?" Kafin ya gama amsawa yara sun kwashe kaya suna "Sannu da zuwa, Baba," an kawo ruwa, an shimfiɗa tabarma a zaure, uwargida ta aiko da gaisuwa daga ciki.

Wannan karɓa tana da tushe. Tun zamanin fatake, ko wane zango yana da masu masauki. Falke ya zo garin da bai san kowa ba, ya sauka gidan mai masauki, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa masu saye, in an ɗauki kaya bashi ya tsaya a kai, shi kuma ya sami la'adarsa. Ba takarda, ba hatimi, ba alƙali. Abin da ke riƙe da cinikin duka shi ne sunan mutumin, don ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai bi hanya har Kano, ba wanda zai sake sauka gidansa. Ma'aikacin da ya yi hira da irin dattawan nan dare ɗaya zai ƙaru da abin da ba a rubuta cikin littafin dokoki ba. Da safe mai gida ya kan haɗa shi da yaro ya kai shi Ganbiye, wani gari da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, inda kasuwa da makaranta duk cikin kwale-kwale a ke zuwa. An ce kakanninsu sun shiga ruwa ne don tsira daga mayaƙan Dahome masu kamun bayi.

Mil 25 yamma da Kwatano sai Wida, garin da bai kamata a wuce shi da gudu ba. Sarkin Dahome Agaja ya ci garin da yaƙi a 1727, ya zama babbar tashar da ya ke sayar wa Turawa bayi. Masana tarihi sun ƙiyasta mutanen da aka fitar ta nan sun wuce miliyan ɗaya. Akwai wata kagara ta Fotugal, watau gidan dutse mai ganuwa da igwa, da aka gina a 1721. Abin mamaki, Fotugal ta riƙe ɗan filin nan har 1961, shekara guda bayan Dahome ta sami mulkin kanta, sa'an nan aka fitar da wakilinta, daga baya aka mai da wurin gidan tarihi. Akwai kuma ɗakin tsafi na mesa, inda macizai ke kwance ba mai taɓa su da mugunta, daura da babbar majami'a. Daga tsakiyar gari zuwa bakin teku mil biyu da rabi ne, ita ce hanyar da bayi suka taka, a ƙarshenta kuma aka gina wata babbar ƙofa a 1995 don tunawa da su. Ya kyautu matafiyi ya bar mota ya taka ta da ƙafa.

Cikin waɗanda suka bi hanyar nan akwai Hausawa da yawa, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka tashi a 1804. Aka yi ta sayar da kamammu hannu zuwa hannu har bakin teku, aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil noman rake. Can suka shirya tawaye a 1807, asiri ya tonu, suka sake tashi a 1814. A Janairu 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban tawaye a birnin Salbado, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan wannan aka koro waɗansu, waɗansu kuma suka fanshi kansu suka komo, suka zauna a Ikko da Foto-Nobo da Wida da Akra, suka zo da sana'ar gini irin ta can. Zuriyarsu ce ta gina masallacin nan na Foto-Nobo a farkon ƙarni na 20.

Daga Wida hanya ta miƙe, teku a hagu, tafkuna a dama, a ƙetare kogin Mono kusa da Giran-Fofo, a kai ƙofa ta biyu. Gaɓar Togo gajeruwa ce, ba ta wuce mil 35 ba. Garin farko Aneho, nan ne Jamusawa suka zauna kafin su mai da hedkwata Lome a 1897. Wanda ya ƙulla musu yarjejeniya da sarakunan gaɓar a 1884 shi ne Nahtigal, mutumin da ya kai wa Shehun Borno Umar kyautar Sarkin Furusiya a Kukawa a 1870. A Lome a ga ragowar gadar jirage ta Jamusawa ta miƙa cikin ruwa, tsatsa ta cinye ta, a shiga babbar kasuwa wurin matan nan attajirai masu sayar da atamfa. Amma wanda ya nemi abokinsa a tsohon zango na tsakiyar gari ba zai same shi ba. A 1977 hukuma ta rushe unguwar, ta kwashe mutanenta zuwa wani fili kamar mil 10 arewa da gari. Tsofaffi har yanzu su kan ba da labarin yadda aka fara zama a can, nesa da kasuwar da su ke ci daga gare ta. Mai sa hannu a takardar tashin unguwa ya kamata ya taɓa zama ya saurari irin wannan hira.

Birnin Lome ya kai har jikin shingen iyaka, ƙetarensa Aflawo ce ta Gana, ƙofa ta uku. Mutanen ɓangarorin biyu kabila ɗaya ce, watau Ewe, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma wannan yana karatu da Faransanci wancan da Ingilishi. Maimakon a bi babbar hanya, gara a ratse hagu a bi wani siririn tudun rairayi zuwa Keta. A nan mutanen Danmak suka gina kagara a 1784, suka sayar wa Ingila ita tare da sauran kagarunsu a 1850. Abin da ya rage daga cikinta kaɗan ne, teku ta cinye saura, ta cinye tituna da gidaje masu yawa na garin. Cin gaɓar ya daɗe, amma ya ƙaru bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, gama yashin da kogin Bolta ya saba kawowa bakin teku, igiyar ruwa ta baza shi gabas, yanzu yana kwanciya bayan madatsa. Aikin da ya ba birane lantarki, masunta na nesa suka biya wani sashe na kuɗinsa da gidajensu. A farkon shekarun 2000 aka jibge manyan duwatsu don tare ruwan. Gaba da Keta, wajen Anloga, a ga yadda a ke noman ƙananan albasa bisa rairayi da ruwan rijiya, aikin da zai burge ko wane malamin gona.

A ƙetare Bolta bisa gadar Sogakofe. Can ƙasa inda kogin ya shiga teku akwai Ada, garin gishiri. A nan Gulaba ya tara Hausawansa a 1873 don yaƙin Asante, watau Tonawa, suka isa Kumasi a Fabrairu 1874. Waɗansu daga cikinsu ba su koma Ikko ba, suka zauna a Gwalkwas suka yi aure. Sa'an nan sai Tema, inda aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1962, daga nan mil 12 bisa faffaɗar hanya zuwa Akra, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara.

Akra ta cancanci kwana uku. Ta zama hedkwata a 1877. Akwai kagaru uku na al'umma uku a gaɓarta, ta Holan da ta Ingila da ta Danmak, akwai hasumiyar fitila ta Jemistawun inda a ke hangen masunta, da kabarin Kwame Nkuruma a filin da ya yi shelar mulkin kai ran 6 ga Maris 1957, da babban masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021. Amma ga ɗan arewa zanguna su ne abin kallo. Sabon Zango, Malam Baƙo ɗan Malam Naino, mutanen Katsina, shi ya kafa shi a farkon ƙarni na 20 bisa filin da sarakunan Ga suka ba shi. Akwai kuma Nima da Mamobi da Fadama. Mazaunansu ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Zabarmawa da Yarabawa da Fulani da Mosawa da Dagwamba da Wangarawa, ko wace kabila da sarkinta, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci. Hausarsu ta ɗan bambanta, su kan ce "ya zo" ko da mace ce, ƙ da k kuma duk ɗaya ne a bakinsu. Baƙo mai hankali ba ya gyara wa mai masaukinsa magana. Da safe zai ga mutanen gari, Musulmi da Kirista, sun yi layi wurin mai koko da ƙosai, suna kiransu da sunayensu na Hausa, haka nan shinkafa da wake da tuwon zafi. Shi kuma za a ba shi dokunu da soyayyen kifi da barkono, ya ci ya yi godiya.

In dare ya yi aka zauna hira, ba wuya magana ta kai ga 1969. A Nuwamba na wannan shekara gwamnatin Busiya ta ba da oda, duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Mutane masu ɗimbin yawa suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, cikinsu har da waɗanda aka haifa a can, ba su taɓa ganin ƙasar kakanninsu ba. A Janairu 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, mutanen Gana kamar miliyan ɗaya suka fita, suka cika hanyar nan ta bakin teku da kaya a ka, suka yi kwanaki a ƙofofin iyaka, har jakar da suka zuba kaya ta sami sunan Gana-masgo. Sau biyun nan duka, umurni daga sama ya fito, amma ƙananan ma'aikata ne suka zartar. Waɗanda abin ya shafa sun manta da kalmomin odar, amma suna tune da ɗan sandan da ya yi musu sassauci, da wanda ya tsananta.

Daga Akra zuwa yamma, gari na fari Kasowa, sunan kuwa daga kalmar kasuwa ya fito. Sai Winneba, inda a ke bikin kamun mazo da hannu a farkon watan Mayu, sai Afam mai kagara bisa tudu wadda mutanen Holan suka sa wa suna Haƙuri, sai Soltfon da Anomabo. Ko wane lungu na gaɓar cike ya ke da manyan kwale-kwale masu fenti da tutoci. In matafiyi ya tarar mutane suna jan taru daga teku, ya tsaya ya kama musu igiya, ba za su ƙi ba. In ran Talata ce kuwa zai tarar da jirage a kan tudu, masunta na ɗinkin koma, don bisa al'adarsu ba a shiga teku a wannan rana.

Mil 90 daga Akra sai Kefkos, tsohuwar hedkwata, garin makarantu, inda aka kafa Mfantsifim a 1876. Kagararta mutanen Suwidin suka fara ta a 1653, ta komo hannun Ingila bayan shekaru kaɗan. Mil 8 gaba kuma ga ta Elmina, wadda Fotugal ta gina a 1482 don cinikin zinariya, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, a ciki kuma aka tsare Sarkin Asante Firempe a 1896. Mai nuna wuri zai shiga da baƙo ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, masu duhu da ɗan ƙaramin tagogi can sama, inda a ke tara ɗaruruwan mutane su jira jirgi. Sa'an nan ya hau da shi sama, ga ɗakin gwamna mai iska, ga wurin ibada, a Kefkos ma bisa kurkukun maza aka yi shi. Abin da ya kamata ma'aikaci ya tuna a nan shi ne, gidajen nan ofisoshi ne. Akwai akawu, akwai ma'aji, akwai littafin shiga da fita. An rubuta maza kaza, mata kaza, an biya bindiga kaza da tufa kaza, an mutu kaza, lissafi ya fita daidai ba kuskuren anini. Masu kawo hajar kuwa baƙar fata ne, daga kasuwannin cikin ƙasa irin su Salaga, inda fataken arewa ke sayen goro. Littafi na iya zama tsaf, aikin da ke cikinsa ya zama zalunci tsantsa, in mai alƙalami ya daina ganin mutum sai lamba.

Kafin a bar yankin, mai ƙarfin zuciya ya ratsa mil 20 arewa zuwa dajin Kakum, ya taka gadojin igiya da aka ɗaura a ƙwanƙolin itatuwa a 1995. Daga nan a ƙetare kogin Fira a isa tagwayen garuruwa, Sekondi da Takoradi, ƙarshen tafiya. Wurin nan ya shafi arewa ta hanya biyu. Ta fari goro. A da madugai kan yi watanni tsakanin Gwanja da Kano da jakuna. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, aka kuma kai hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi zuwa Kumasi a 1903, da ta Ikko zuwa Kano a 1912, sai goro ya koma bin teku. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Gwalkwas zuwa Ikko, kafin ya komo Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Ta biyu kuwa yaƙin Hitila. An buɗe tashar Takoradi a 1928, daga 1940 kuma aka riƙa kawo jiragen sama cikin akwatuna ana harhaɗa su a nan, su tashi su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Masar. Dubban jiragen da mutanen Kano suka ga suna sauka a shekarun nan, daga wannan gaɓa suka taso.

To, jama'a, mutum ya kan komo daga wannan tafiya da atamfa da man kwakwa da busasshen kifi, amma waɗannan duk masu ƙarewa ne. Abin da a ke fata ya komo da shi, ya fi wannan. Ya zama in baƙo ya tsaya bakin tagarsa, ya ɗaga kai ya amsa sallama tun kafin ya gama rubutun da ya ke yi. In takarda ta cika ya sa hannu nan take, in ba ta cika ba ya faɗa wa mai ita abin da ya rage, da inda zai samo shi, don kada ya yi sawu uku a kan abu ɗaya. In an kawo maganar tashin kasuwa ko unguwa, ya je ya zauna da mutanenta kafin ya rubuta shawara. Ya kula da baƙin da ke zaune a garinsa, na Sabon Gari da na Tudun Wada, ya tuna ɗan'uwansa ma baƙo ne a wani wuri, yana zaune bisa mutuncin waɗansu. Waɗanda suka sauke shi kuwa, kada ya bar su sai gaisuwar waya. Ya gayyace su su zo hawan salla, ya share musu ɗaki, ya yi musu abin da suka yi masa, gama zumunci a ƙafa ya ke.

Allah ya jiƙan magabatan da suka yi wannan aiki da gaskiya, ya ba na baya ikon riƙe amana, ya kai ko wane matafiyi gida lafiya, amin.